George Wythe: Malamin Lauyoyi da Doka Ta Kasa Bi Masa Kadi

An haifi George Wythe a Virginia a 1726, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya fara aikin lauya a 1746, ya shiga majalisar dokokin yankin a 1754. Da rikici ya ɓarke tsakanin mazauna Amurka da Ingila, sai ya tsaya tare da masu neman 'yanci, har ya sa hannu a takardar ayyana 'yancin kai ta 1776. Shekara guda bayan haka ya zama kakakin majalisar wakilan Virginia, daga nan ya koma kujerar alƙalanci.

Sai dai babban gadonsa shi ne almajiransa. A hannunsa Thomas Jefferson ya koyi aikin lauya. A 1779 aka naɗa shi farfesan shari'a a Kwalejin William da Mary, na farko a Amurka. Yakan shirya wa ɗalibai zaman kotu da na majalisa na gwaji, domin su saba da kawo hujja. John Marshall, wanda ya zama alƙalin alƙalan ƙasar, ya zauna a ajinsa. Henry Clay kuwa magatakardansa ne a Richmond.

Wythe ya tashi a gidan da ke da bayi, shi ma ya mallake su. Amma da shekaru suka ja, zuciyarsa ta ƙi amincewa da bauta, ya 'yanta waɗanda ke hannunsa. A shari'ar Hudgins da Wright ta 1806, ya yanke cewa asalin ɗan Adam ɗa ne, don haka wanda ya ce wani bawansa ne, shi zai kawo hujja. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar wa bayin da suka kai ƙarar 'yancinsu, amma ta yi watsi da wannan dalili nasa.

A shekarar ne kuma aka zuba guba a gidansa. Wani yaro da yake riƙo, Michael Brown, ya mutu; shi ma Wythe ya cika ranar 8 ga Yuni. Zargi ya faɗa kan George Sweeney, jikan 'yar'uwarsa, wanda ke jiran gado. Mai dafa abincin gidan, Lydia Broadnax, wadda Wythe ya 'yanta, ta tsira da ranta, kuma ita ce babbar shaida. Amma dokar Virginia ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata. Aka sallami Sweeney.

Abin takaici ne mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana raya shari'a ya rasa adalci a kotunan jiharsa. Dokar da aka kafa don toshe bakin baƙar fata ita ce ta kuɓutar da wanda ake tuhuma da kashe ɗaya daga cikin manyan alƙalan jihar. Duk al'ummar da ta hana wasu 'ya'yanta faɗin gaskiya a gaban alƙali, ta raunana kotun da manyanta ma za su nemi haƙƙinsu a cikinta.