Dokar Miyagun Ƙwayoyi ta Fotugal

Dokar miyagun ƙwayoyi ta Fotugal, mai lamba 30/2000, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2001. Ba ta halatta shan ƙwaya ba, ta dai fitar da mashayi daga hurumin kotu. Wanda aka kama da abin da bai wuce na kwana 10 ba, misali giram 25 na wiwi, wajen wani kwamiti ake tura shi, a ba shi shawara, a haɗa shi da masu magani, ko a ci shi tara. Dillalai kuwa gidan yari ne makomarsu.

Bayan dokar ta fara aiki, kamuwa da HIV ta allura ya ragu ƙwarai, sai dai tsarin ba ya tsayawa sai da kuɗin jinya. Jihar Oregon ta Amurka ta amince da makamancinsa a 2020, ta janye a 2024.