Azara da Tsawon Soro a Ginin Hausawa

Akan ce zafi ne ya sa magina suka ɗaga rufin masallatai da fadoji, don iska mai zafi ta yi sama. Akwai gaskiya a ciki, amma tushen al'amarin azara ce.

Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, sai dai ba ta jure nauyin ƙasa in tsakanin bango da bango ya wuce kamar ƙafa 6. Shi ya sa soron talaka a ƙauyukan Gaya da Ajingi, irin su Balan, yake matsattse, gajere. To, ɗakin tara jama'a fa? Tilas ya yi faɗi. Sai magina suka riƙa ɗaura azara bisa azara daga bangon nan da na can, suna lanƙwasowa har su haɗe a tsakiya, sa'an nan su shafe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Shi kuwa baka, gwargwadon buɗewarsa, gwargwadon tashinsa.

Wannan hikima ta kai matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846). Da yake sai mai hali ke iya ɗaukar gwani, tsawon soro ya zama alamar mulki, kamar yadda ake gani a Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano.

Da siminti da kwano suka zo, aka sami faɗi ba tare da baka ba. Rufi ya sauko, zafin kwano ya sauko tare da shi.