Rabon Sa'o'i a Makarantun Yini na Yahudawan Amurka: Nazari kan Firamare da Ƙaramar Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi makarantun kuɗi na Yahudawan Amurka waɗanda ke haɗa karatun addini da na zamani a yini guda, daga ajin reno zuwa aji takwas. An dogara ga ƙididdigar gidauniyar AVI CHAI da tarihin makarantun. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, yadda makaranta ta raba sa'o'inta ya fi sunan ɗariƙarta nuna irin yaron da take son yayewa, kuma daga aji shida zuwa takwas ne rabon yake tsanani.

Tushen makarantun

Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai tsakanin 1881 da 1924 ba su ɗauki makarantar yini da muhimmanci ba. Makarantar gwamnati ce ƙofar zama Ba'amurke, don haka can suka tura 'ya'yansu, karatun Attaura kuwa sai bayan an tashi, kamar dai Islamiyyar yamma a wurinmu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1925, wanda ya soke dokar jihar Oregon mai tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, ya tabbatar wa iyaye 'yancin zaɓi. An buɗe Yeshivah of Flatbush a Brooklyn a 1927. A 1937 Joseph Lookstein ya kafa Ramaz a Manhattan, Joseph Soloveitchik kuma ya kafa Maimonides a Boston. Amma bazuwar tsarin ta zo ne bayan 1944, shekarar da Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah da nufin dasa makaranta a duk garin da Yahudawa suke da yawa. Kisan kiyashin 'yan Nazi ya riga ya rushe cibiyoyin ilimin Turai, dole a gina wasu. Ɗariƙar masu tsaka-tsaki ta biyo baya da makarantun Solomon Schechter. 'Yan ɗariƙar Rifom, masu sassaucin ra'ayi, ba su amince da tsarin a hukumance ba sai 1985.

Abin da alƙaluma suka ɓoye

Ƙididdigar AVI CHAI ta 2018 zuwa 2019 ta samu ɗalibai 292,172 a makarantu 906, alhali shekara ashirin kafin nan kimanin 185,000 ne. Mai karatu zai ɗauka bunƙasa ce ta bai-ɗaya. Ba haka ba ne. Kusan duk ƙarin ya fito ne daga Hasidawa da sauran masu tsananin riƙo da al'ada, waɗanda ke da yawan haihuwa, musamman a Brooklyn da garin Lakewood na jihar New Jersey. A wannan tsakanin ɗaliban makarantun Schechter raguwa suka yi.

Yadda ake raba yini

A makarantun Otodoks na zamani, wato masu riƙo da shari'ar addini tare da rungumar zamani, yini kusan rabi da rabi ne: addu'ar safe, Attaura da sharhin malami Rashi a kanta da Ibrananci a ɓangare guda, lissafi da kimiyya da Turanci a ɗayan. Flatbush ta yi suna wajen koyar da darussan addini da Ibrananci zalla, abin da ke buƙatar malamai masu harshen a baki, ga su da wuyar samu, ga tsada. Makarantun al'umma, masu karɓar yara daga kowace ɗariƙa, kan ba darussan Yahudanci ƙasa da rabin lokaci. A makarantun yara maza na Hasidawa da dama, da harshen Yidish ake koyarwa, kuma ana jinkirta karatun zamani zuwa la'asar, sa'a ɗaya da rabi ko makamancin haka, lokacin da yaro ya riga ya gaji. Abin lura shi ne 'yan'uwansu mata sun fi su samun ilimin zamani, domin ba a ɗora musu Talmud, kundin muhawarar malaman Yahudawa kan shari'a, ba.

A ƙananan azuzuwa wannan rabo ba ya ciwo sosai. Yaro ɗan shekara shida yana koyon baƙaƙe iri biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma bukukuwan shekara su ne rabin manhajar. Daga aji biyar ko shida sai Talmud ya shigo da harshe na uku, Aramiyanci, tare da salon karatun mutum biyu-biyu suna muhawara kan nassi, wanda ba a yinsa cikin minti arba'in. Daidai nan aljabara ke neman nata kaso. Daidai nan kuma ake shirya yarinya 'yar shekara 12 da yaro ɗan 13 don bikin balagar addini, iyaye kuma hankalinsu ya koma kan babbar sakandare. A ganina, jadawalin aji bakwai ya fi duk wata takardar manufa faɗin gaskiyar makaranta.

Kuɗi ma na da hannu. A wasu makarantun manyan birane kuɗin shekara ya haura dala 30,000, domin kowane yaro malamai rukuni biyu yake buƙata. Shi ya sa iyayen da ba Otodoks ba sukan cire yaro idan ya gama aji biyar, kuma makarantunsu da yawa a aji takwas suke tsayawa.

Inda hukuma ta shigo

Tun ƙarshen ƙarni na 19 dokar jihar New York ta wajabta wa makarantu masu zaman kansu koyarwar da ta yi daidai da ta gwamnati a muhimman fannoni, sai dai an daɗe ba a bibiya. Ƙungiyar Yaffed, wadda Naftuli Moster ya kafa a 2012, ta matsa lamba, kuma a Satumban 2022 jaridar New York Times ta wallafa binciken da ya nuna mummunar faɗuwar ɗaliban wasu makarantun Hasidawa a jarrabawar lissafi da Turanci. A wannan watan ne hukumar ilimin jihar ta amince da ƙa'idojin sa ido. Shugabannin makarantun sun garzaya kotu, suna cewa nazarin Talmud kansa horar da tunani ne, kuma duk sa'ar da aka ƙara wa Turanci daga Attaura za a yanko ta.