Jirgi marar matuƙi: ƙwaƙwalwarsa da amfaninsa ga ƙasar Adar

Mene ne shi?

Jirgi marar matuƙi ƙaramin jirgin sama ne wanda ake sarrafawa daga ƙasa. Wanda aka fi gani yana da farfela huɗu, kowace da injinta, kuma da batir yake aiki. Biyu suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu, don kada jirgin ya dinga wulwulawa a wuri ɗaya.

Yaya yake tsayawa a sama?

A tsakiyar jirgin akwai wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Shi ne ƙwaƙwalwarsa. Ku dubi mace ɗauke da tulu a kai. In tulun ya karkata, nan take wuyanta zai gyara shi. Haka wannan allo yake yi. Yana da na'urori masu jin karkata da motsi, irin waɗanda suke juya hoto a wayar salula. In iska ta danne gefen hagu, sai ya ƙara wa injinan hagu gudu har jirgin ya daidaita. Yana yin wannan gyara sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, abin da hannun mutum ba zai iya ba.

Ana iya haɗa shi a gida?

Ana iyawa. Ana buƙatar allon kwamfuta ƙarami, misali Arduino, da na'urar jin karkata, da manhajar da za ta ba injina umarni. A Yamai, Abdoul Aziz Kountché ya koya wa kansa ƙera irin waɗannan jirage. A shekarar 2016, hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da jirginsa wajen ɗaukar taswirar sansanoni a jahar Diffa.

Wane amfani zai yi mana?

Tun daga 1984, Furojen Kaita, da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya farfaɗo da faƙo da tsaunuka. Jama'a, galibinsu mata, sun jera duwatsu, sun haƙa ramuka, sun dasa itatuwa. A kwarin Majiya kuma, wajen Buza, an dasa layukan itacen kare iska tun 1975. Wannan dukiya tana son kulawa. Hoto daga sama yana nuna inda jerin duwatsu ya karye, da inda kwazazzabo ya fara cin gona, da inda aka sare itace. Abin da mai tafiya a ƙasa zai kwana yana zagayawa, jirgi zai gan shi a hantsi guda, a gyara kafin damina.

Abubuwan kiyayewa

1. A nemi izinin hukuma kafin a tada shi, a kuma sanar da magajin gari da mai gari.
2. Kada a kusanci barikin soja ko filin jirgin sama.
3. Kada a ɗauki hoton cikin gidajen mutane.
4. A cire farfela yayin gwajin injina, domin tana yanka yatsa.
5. Kada a bar batir a rana. In ya kumbura, a daina aiki da shi, yana iya kamawa da wuta.
6. Ranar iska mai ƙarfi ko ƙurar hunturu, a haƙura.

Mai son koyo ya fara gwaji a fili, nesa da yara da dabbobi, kuma ƙasa-ƙasa, har hannunsa ya faɗa.