Jakar Fata da Adonta a Tarihin Zamfara ta Arewa

Wanda ya ke neman tarihin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi yakan fara ne daga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ya san cewa Namoda na cikin jarumawan da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma Fulanin Alibawa ne suka riƙe sarautar Zurmi bayan jihadi. Amma akwai wani tarihin da ba a rubuta da tawada ba, an ɗinka shi ne da basilla a jikin jaka.

Garuruwan nan suna kan tsohuwar hanyar fatake wadda ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato. Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Barth kuma ya ratsa Zurmi da Badarawa a 1853, ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a. Ayari kuwa ba ya tafiya sai da mazubi. Taiki na ɗaukar hatsi da gishiri, mangala ta jaki ce, salka ta ruwa. Waɗannan ba a cika yi musu ado ba, domin aikin wahala su ke yi. Adon yana ga jakar da mutum ke ratayawa a jikinsa, watau gafakar malami wadda ya ke ajiye Alƙur'ani, da zabirar wanzami, da alaben ɗan kasuwa. Tun daga nesa akan gane sana'ar mutum da matsayinsa ta jakarsa. Har lissafin dukiya ma da jaka a ke yi: jaka guda wuri 20,000 ce, daga baya ta zama fam 100, bayan canjin kuɗi na 1973 kuma ta koma naira 200.

Ƙasar ta dace da sana'ar, gama tana cikin yankin jar akuya, wadda fatarta ke da laushi da ƙarfi. Ita ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can, suka laƙaba mata sunan Maroko.

Aikin hannu biyu ne. Majemi ke fara shi. Yakan jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tausasa ta da ganyen fataka, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, wanda ke hana ta ruɓewa. Daga nan sai baduku ya karɓa. Ja daga karan dafi ya ke fitowa, rawaya daga gangamau, baƙi kuwa daga kuloko, wanda a ke haɗawa da ƙarfe. Dalilin baƙin shi ne, idan ƙarfe ya gamu da bagaruwar da fata ta riga ta sha, sai wurin ya yi baƙi ƙirin, ba ya kuma wankuwa. Kore ya fi tsada, saboda da garin tagulla a ke yinsa, shi ya sa a ke yanka shi ƙanana a ƙawata tsakiyar zane.

Dabarun adon ma iri-iri ne. Akwai yanka zane a fata mai wani launi a ɗinka bisa wata. Akwai tsaga fuskar fatar da aka rina da bakin aska a ɓare ta, farin da ke ƙasa ya bayyana. Akwai saƙa siraran zaren fata ta cikin hudoji, a ƙarshe a sa geza da tuntu. Ba baduku da ke duba takarda. Dagi da sauran zane-zanen suna kansa, yadda ya gan su a hannun ubansa.

Babban sauyi ya zo a 1929, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi Gusau ta tsaya a Ƙaura Namoda. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanonin Turawa ba jemammiyar fata su ke so ba, busasshiya su ke nema, domin masana'antun Ingila su jeme ta da kansu. Mahauci ya sami kuɗi a hannu, amma fata mai kyau ta fara wuce majemi ta nufi Ikko, ta bar masa wadda aka ƙi. Ribar da ke cikin jima da rini da ɗinki ta bi jirgi. Rinin kanti kuma ya shigo, mai arha da sauƙin aiki, har karan dafi ya ja baya.

Fari na 1972 zuwa 1974 ya rage dabbobi, kuɗin man fetur ya buɗe ƙofa ga leda da jakar roba. Daga wajen 2011 kuma 'yan bindiga suka addabi karkara da satar dabbobi, har a 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Kasuwa irin ta Shinkafi, wadda ke ci ran Alhamis, nan ne makiyayi da mahauci da majemi da baduku ke haɗuwa. In ta tsaya, sana'a huɗu sun tsaya.

Darasin ga ɗalibai da ma'aikatan gwamnati a fili ya ke. Ƙasar da ke sayar da fata ɗanya ta sayo jaka, ta sayar da aikin 'ya'yanta ne. Ga cibiyar binciken fata a Zariya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983. Abin da ya fi gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin dukawa, a rubuta sunayen zane-zanensu da yadda su ke haɗa rini, a koya wa matasa, ko da a kan jakar yadi ce ta 'yan makaranta. Akuya tana sake haihuwa, bagaruwa tana sake 'ya'ya, amma zanen da ya bi mai shi kabari ba ya dawowa.