Wa zai raba lokaci a kan layin dogo?

'Yan uwa marubuta, mu da ke zaune a Kamazou, kudu da kogin Kaduna, mun san jirgin ƙasa tun muna yara. Tsohuwar tashar mahaɗa tana wannan ɓangaren kogin, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da na Legas zuwa Kano. Amma ba mu cika tambayar wanda ke yanke hukuncin jirgin da zai fara wucewa ba.

Mota tana iya kauce wa mota, jirgi kuwa ba ya kaucewa. Layin da Turawa suka shimfiɗa mana guda ɗaya ne, jirage biyu ba sa gifta juna sai a tasha. Ashe abin da ake rabawa a kan dogo lokaci ne.

Ingila ta fara ɗanɗana wannan rigima. Da aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, masu keken doki kan biya kuɗi su hau layin. Sai a yi kiciɓis a tsakiyar hanya, a yi ta cacar baki kan wanda zai ja da baya, wani lokaci har da dambe. A 1833 kamfanin ya karɓe zirga-zirgar ya riƙe a hannunsa. Mai layi ya zama shi ne mai jirgi.

Tsarin da muka gada ke nan. A 1912 aka haɗe layin Legas da na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Dokar 1955 ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ta damƙa mata layi da jirage baki ɗaya. Zamanin dalar gyaɗa babu abokin takara, balle a yi ƙorafin rabo.

Turai ce ta sake kwance ƙullin. Suwidin ta raba mai kula da layi da mai tuƙa jirgi a 1988. A 2001 Tarayyar Turai ta ce rabon lokaci ya kasance a hannun wanda ba ya jigila da kansa. Dalilin a fili yake, a ganinmu: wanda ke da jirgi, in shi ke rabo, zai ba kansa safiya ya bar wa abokin takara tsakar dare.

Yanzu maganar ta iso gida. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar dogo. Tun 2024 jirgin Red Line na gwamnatin Legas ke bin layi ɗaya da jiragen hukumar tarayya. Mu ma muna da tashar tsandauri a Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018. Ranar da ɗan kasuwa ya sayi nasa jirgi don jawo kwantena daga Apapa zuwa can, wurin hukumar da ke da layin, take kuma da nata jiragen kaya, zai je neman lokacin wucewa.