Amsa-kuwwar da ta Tona Asirin Kaurin Zuciya

A shekarar 1898, Johannes Fabry a Jamus da William Anderson a Ingila, kowa da nasa majinyacin, suka bayyana wasu jajayen ƙuraje da aka ɗauka cutar fata ce. Ashe ciwon ya wuce fata: maiƙo ne ke taruwa cikin ƙwayoyin jiki, har da na zuciya, saboda ƙarancin sinadarin da ke narkar da shi. Gadonsa ake yi.

Ba a sami hanyar leƙa zuciya tana bugawa ta amsa-kuwwar sauti ba sai 1953, lokacin da Inge Edler da Hellmuth Hertz na birnin Lund a Suwidin suka aro na'urar da maƙeran jiragen ruwa ke neman tsagar ƙarfe da ita. Suka aika sauti cikin ƙirji, suka karanta amsa-kuwwarsa.

A 1995 aka bayyana binciken likitocin Japan kan maza 230 waɗanda irin wannan hoto ya nuna kaurin bangon zuciyarsu: bakwai na ɗauke da cutar Fabry. Tun 2001 akwai maganin da ke cike gurbin sinadarin. Shi ya sa yau, idan hoto ya nuna kauri, likita mai lura kan nemi sanadinsa a jini, sannan ya tambayi lafiyar dangi.